Idan ɗaliba ce za ta yi wa jaririnki allurar rigakafi: yadda za ki yi magana da inda za ki kai ƙorafi

Duk wadda ta saba kai yaro rigakafi a asibitin unguwa ta san su: 'yan mata, wani lokacin har da samari, sanye da yunifom ɗin makaranta, sun kewaye teburin allura, wannan tana auna nauyin yara, waccan tana rubutu a kati, wata kuma riƙe da sirinji. Ɗalibai ne da aka turo koyon aiki. Yawancinsu daga makarantun fasahar kiwon lafiya suke, masu karatun zama ma'aikatan lafiyar al'umma, wato CHEW na shekara uku ko JCHEW na shekara biyu, wasu kuma daga makarantun nas-nas da ungozoma. Zuwansu bai saɓa wa doka ba. Sharaɗi ne na karatunsu, kowace tana da littafin da ake sa mata hannu a kan ayyukan da ta yi, kuma Malamar da kika yarda da hannunta a yau, ita ma a cinyar ɗan wata ta koya.

Sai dai ɗaliba ba ta da lasisi. Hukumar CHPRBN mai yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, da majalisar NMCN ta nas-nas da ungozomomi, ba sa ba da izinin aiki sai an gama karatu an ci jarrabawarsu. Kafin nan, duk allurar da ɗaliba ta yi tana wuyan ma'aikaciyar da aka ɗora wa kula da ita. Inda ake samun matsala shi ne ranar da mata suka cika benci har waje, ma'aikaciya ɗaya ce a bakin aiki, aka kira ta ɗakin haihuwa ko ta duƙufa a kan rajista, aka bar ɗalibai su kaɗai da kwalaben magani. Don haka tambayar da za ki riƙe daga farkon wannan jagora har ƙarshenta ita ce: wa aka sa ya tsaya a kan ɗalibar, kuma ina yake lokacin da aka soka allurar? Uwar da ta kai ƙorafinta a kan wannan, ana saurarenta. Wadda ta zo tana cewa "yarinya ce ta yi wa ɗana allura", haƙuri kawai ake ba ta.

Mataki na farko: ki san abin da za a yi wa yaron tun kina gida

Wadda ba ta san daidai ba, ba ta yadda za ta gane kuskure. Ki buɗe katin yaron tun da dare, ko ki sa a karanta miki, ki ga waɗanda aka riga aka yi da waɗanda ke biye.

Da haihuwa ana yin lamba, wato BCG ta tarin fuka, a saman dantse. Ana ɗiga maganin shan inna a baki. Ana yin allurar ciwon hanta a cinya, wadda aka fi so a yi cikin awa 24 da haihuwa. A sati 6, da sati 10, da sati 14 ana yin Penta, mai kare yaro daga cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da namoniya. Tare da ita ake yin PCV ta namoniya, a ɗiga na shan inna, a ba da na Rota mai kare gudawa, wanda ya shiga jadawalin Najeriya a 2022. Akwai kuma ta shan inna da ake yi da allura, IPV, sau biyu a cikin waɗannan makonnin. A wata 9 sai ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ƙyanda. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, tana ƙara sabbin abubuwa lokaci zuwa lokaci, kamar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, saboda haka idan kin ga abin da ba ya cikin lissafinki, ki tambaya kafin ki ɗauka kuskure ne.

Abu biyu kada ki manta da su. Allurar da ke shiga tsoka, irin Penta da PCV da IPV, a gefen cinya ta waje ake yi wa jariri, ba a ɗuwawu ba. Tsakanin Penta ɗaya da mai bi mata kuma, dole a samu aƙalla sati huɗu.

Mataki na biyu: ki yi tambaya kafin ki kwance goyo

Da zarar allura ta shiga, magana ta zama ta bayan fage. Lokacin da bakinki ke da amfani shi ne sa'ad da aka kira sunan yaron, kafin ki tuɓe masa wando. Ki gaida ma'aikaciyar da kika ga ita ce babba a wurin, ki ce mata cikin sanyin murya:

"Malama, sannu da aiki. Don Allah ke za ki yi masa, ko ɗaliba ce? In ɗaliba ce ba komai, amma ina so ki tsaya a kanta."

In kuwa kin duba ba ki ga wata babba ba, ki fuskanci ɗalibar da kanta: "Ƙanwata, ba raini ba ne. Taimaka ki kira mana Malama ta tsaya, zan jira." Ɗaliba mai hankali daɗi take ji, don ita ma gabanta faɗuwa yake idan aka bar ta ita kaɗai.

Ba alfarma kike roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa mutum bayanin abin da za a yi masa, da amfaninsa da haɗarinsa, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma in da hali a yi bayanin da harshen da mutum yake ji. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada haka. Jariri ba ya magana, ke ce bakinsa. Amma ba sai kin karanto wa kowa doka a bakin tebur ba. Sallama da "don Allah" sun fi saurin buɗe ƙofa a asibitocinmu.

Za ki iya amincewa ɗalibar ta yi muddin ana tsaye a kanta, ko ki ce ke dai ma'aikaciya kike so. Na biyun yana da farashi: mai yiwuwa a ce ki koma gefe sai an rage layi. Ki jira ɗin, amma kada ki yi zuciya ki goya yaro ki tafi ba a yi masa ba. A ganina, ɗigon baki da awon nauyi ba abin da za a tsaya ja-in-ja a kansu. Allurar cinya, in ana tsaye a kan ɗaliba, ba laifi. Lamba ce nake ba da shawarar a dage a kanta. Ita ce mafi wuyar yi a duk jadawalin: ɗan mitsitsin magani ne, mililita 0.05, da ake so ya tsaya a cikin fatar kanta, a dantsen jaririn kwana ɗaya ko biyu mai mutsu-mutsu. In ta yi daidai za ki ga wurin ya ɗan tasa ya yi fari-fari nan take. In allurar ta zarce ƙarƙashin fata, tana iya zama ƙurji mai mugunya ko ta tayar da kaluluwa a hammata. Wannan aikin hannun da ya saba ne, ko hannun ɗaliba da idon gwana a kansa.

Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa lamba tana faɗowa lokacin da maijego ke tsakiyar wankan jego, sai kaka ko ƙanwar miji ta kai jaririn. In kuma ɗan fari ne, kunya kan hana uwa nuna damuwa a kansa a gaban jama'a, ko da tana wurin. Kunya adon mace ce, amma a nan sai a yi mata dabara: tun daga gida a zaɓi wanda zai yi maganar, a gaya masa abin da zai ce. "Inna, in kin ga 'yan makaranta ne, ki ce su kira babbarsu." Tsohuwa ba wanda ke yi mata gardama a kan jikanta.

Mataki na uku: ki sa ido, amma ki san abin da kike kallo

Ki zauna ki rungume yaron a cinyarki, ki riƙe ƙafarsa da kyau. Kada ki kau da kai don tausayi, a nan ne idonki yake da aiki.

Sirinjin ya zama sabo, a yage ledarsa a gabanki. Na rigakafi irin mai kulle kansa ne bayan amfani ɗaya, kuma da an gama ake jefa shi cikin kwalin da aka tanada, ba tare da an mayar da murfin allurar ba. Maganin a gabanki ake zuƙarsa. In kin ga an jera sirinji biyar ko goma cike da magani a kan tire ana jiran yara, wannan ba ƙa'ida ba ce, don a nan ake rikita na wani da na wani. Kwalaben kuma cikin akwatin sanyi suke zama, ana buɗe shi ana rufewa. Rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafin rana yana kashe ƙarfinsa, ƙanƙarewa ma tana lalata wasu, irin su Penta da ta ciwon hanta.

A jikin yawancin kwalaben akwai ɗan da'ira mai duhu da murabba'i mai haske a tsakiyarsa. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai ci maganin ba. In launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, maganin ya tashi aiki, zubarwa ake yi. Kina da damar cewa, "Don Allah nuna mini kwalbar." Ki duba wannan alamar, ki duba ranar ƙarewar aiki. Lamba da ƙyanda da shawara kuwa gari suke zuwa, sai an haɗa su da ruwansu na musamman, kuma bayan awa shida da haɗawa, ko da tashi daga aikin ranar, sauran da ya rage ba a sake amfani da shi. Don haka in da yamma liƙis kika je aka ɗauko wata kwalbar ƙyanda da aka haɗa tun sassafe, ki tambayi ƙarfe nawa aka haɗa ta.

Sannan ki lura ko an buɗe katin an karanta kafin a zuƙi magani, an tambaye ki watannin yaron, da ko ya taɓa samun matsala a allurar baya. Ɗalibar da ta miƙa hannu ga sirinji ba ta duba kati ba, ki tsayar da ita.

Ga kuma abubuwan da iyaye ke ɗauka ganganci ne alhali haka tsarin yake, kuma da su ake yawan zargin ɗalibai ba gaira ba dalili. Zuƙar magani daga kwalba ɗaya a yi wa yara da yawa daidai ne. Kwalbar lamba ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, shi ya sa ma wasu asibitocin ke ware musu rana guda a sati. Abin da ba a haɗawa shi ne sirinji. Rashin sa safar hannu ba laifi ba ne in hannu a wanke yake. Rashin goge wurin da sifirit ma haka. In fatar tana da tsabta ba a buƙata, in da datti da ruwa ake wankewa. Allura uku a rana ɗaya, biyu a cinya guda da ɗan tazara tsakaninsu, jadawali ne ya zo da haka. Ba a kuma murza wurin bayan an zare allura. Ɗan ɗigon jini da tsala kuka, ko wace gwana ce ta yi, ana samu.

Mataki na huɗu: in kin ga ba daidai ba, ki tsayar a lokacin

Kalma biyu sun isa: "Dakata tukuna." Ki ja ƙafar yaron jikinki a hankali, ki nemi a kira ma'aikaciya, ki faɗi abin da idonki ya gani kawai. "Na ga za a yi a ɗuwawu." "Ban ga an yage ledar sirinjin ba." "Sati biyu ke nan da aka yi masa wannan." Zagi da ɗaga murya suna mayar da zancen ya koma kan halinki, a manta da kuskuren.

In aikin gama ya riga ya gama, kada ki bar wurin sai ma'aikaciya ta zo ta duba, ta gaya miki abin da ya faru da abin da za a yi. Wasu kurakuran, kamar maimaita allurar da aka riga aka yi, yawanci ba sa wuce ƙarin kumburi da zazzaɓi. Wasu kuma, kamar maganin da ya lalace ko wanda ya zube bai shiga duka ba, suna nufin yaron bai samu kariya ba, ana iya buƙatar sakewa. Wannan hukuncin ma'aikaciya ne ko likita, ba naki ba kuma ba na ɗaliba ba. Naki shi ne ki tabbatar an rubuta abin da ya faru, a kati ko a rajista. In kuwa zargin sake amfani da sirinjin wani yaro ne, wannan babba ne: ki nemi ganin likita a ranar, kada ki bari ya kwana.

Mataki na biyar: ki ɗan zauna, ki rubuta

Ko komai ya tafi lafiya, ki zauna a harabar asibitin minti 15 zuwa 30. Mummunan bori da jiki kan yi wa magani abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, amma in zai zo a wannan tsakanin ya fi zuwa, kuma maganinsa yana teburin masu rigakafin. Ki ba yaron nono, ki duba katin: an rubuta kwanan watan yau a gaban kowace allura da aka yi? An rubuta ranar dawowa?

In akwai abin da bai kwanta miki ba, ki ajiye bayanansa tun yana sabo, a takarda ko ki naɗi muryarki a waya: rana da lokaci, wace allura a wace cinya, ɗaliba ce ta yi ko ma'aikaciya, wa ke tsaye a wurin, da lambar rukunin maganin da ke jikin kwalba in an yarda kin gani. Ki ɗauki hoton katin da hoton wurin allurar. Kada ki ɗauki fuskar kowa ba da izininsa ba, balle 'ya'yan mutane da ke kan layi.

Mataki na shida: a gida, ki bambance na al'ada da na haɗari

Zazzaɓi mai sauƙi na kwana ɗaya ko biyu bayan Penta, da rigima, da ɗan kumburi ko tauri a cinya, duk na al'ada ne. A yawaita ba shi nono, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a wurin. Farasitamol sai gwargwadon da ma'aikaciya ta faɗa bisa nauyinsa. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a shafa man zafi ko wani haɗi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Lamba kuwa tana da nata tafiyar: bayan 'yan makonni wurin zai yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya bushe, ya bar tabo cikin wata biyu zuwa uku ko fiye. Iyaye da yawa a nan suke cewa ɗaliba ta ɓata wa yaro hannu, alhali alamar ta kama ke nan. Ba a matse shi, ba a sa masa magani.

Waɗanda ba a jira da su: numfashi da ƙyar, kumburin fuska ko leɓe, jiki ya saki, jijjiga, zazzaɓi mai tsanani, ƙin kama nono, kuka mai ƙarfi da ya kai awa uku ba tsayawa, kumburin da ke ƙara girma yana zafi yana tara mugunya, ko ƙafar da yaro ya daina motsawa. Ko ɗaya daga ciki kika gani, asibiti mafi kusa za ki nufa da katin a hannu. Maganar wa ya yi laifi ta biyo baya.

Mataki na bakwai: ki samu incaj

Kowane asibitin matakin farko yana da shugaba, wanda aka fi sani da incaj. A wurinsa ake fara kai ƙorafi, kuma a nan yawancinsu ke ƙarewa. Kada ki tare shi tsakiyar cunkoson ranar rigakafi in ba gaggawa ba ce. Ki dawo da rana ta yi, ko washegari. Ki zo da mutum ɗaya, maigida in zai samu zuwa. Gaskiya ce mai ɗaci, amma a ofisoshinmu da yawa ana saurin miƙa wa namiji kujera, kuma uban da ya tako da ƙafarsa kan maganar allurar ɗansa ya nuna abin ba wasa ba ne.

Ki jera maganar yadda ta faru, sannan ki faɗi abin da kike so. Nan ne mutane ke faɗuwa: su zazzage ɓacin rai, a ba su haƙuri, su tashi hannu rabbana. Misalin yadda maigida zai iya cewa:

"Ranka ya daɗe, ba mun zo neman a hukunta yarinyar nan ba ne, koyo take. Abin da ya dame mu, lokacin da ta yi allurar babu ma'aikaci ko ɗaya a ɗakin. Muna so a duba mana yaron, a gaya mana ko sai an sake, a rubuta abin da ya faru, kuma a daina barin ɗalibai su kaɗai."

In yaron ya samu ƙurji ko wata matsala, ki nemi a cike masa fom ɗin matsalar da ta biyo bayan rigakafi; ma'aikata suna ce masa fom ɗin AEFI. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da Najeriya ke bi ya ware rukuni guda na matsalolin da kuskuren ma'aikaci ke haifarwa, wajen ajiya ko haɗawa ko sokawa. Fom ɗin yana tafiya wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wato DSNO, kuma in aka ga yara biyu ko uku sun yi ƙurji daga asibiti ɗaya a rana ɗaya, bincike ake turowa. Wasu ma'aikatan suna ɗari-ɗari da cike shi don tsoron kada a ce sun gaza. Ki nuna musu kin san da shi. Kafin ki tashi, ki tambayi ranar da za ki dawo jin abin da aka yi.

Mataki na takwas: in ba a saurare ki ba

Dokar 2014 ɗin nan ta ba kowa damar kai ƙorafi kan yadda aka yi masa a asibiti, kuma a bincika. Ki bi tsani daga ƙasa, don duk ofishin da kika je zai tambaya ko kin fara da na ƙasa da shi.

Mafi kusa shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke tsakanin asibiti da jama'ar unguwa. Mai unguwa ko dagaci ya san shugabansa. Daga nan sai sashen lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda za ki nemi jami'in rigakafi, LIO, ko shugaban sashen. Jami'in rigakafin ne ke raba wa asibitocin magani yana zagayen duba su, don haka maganarsa tana da nauyi a wurin incaj. Sama da shi akwai hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha. In a babban asibitin tarayya ne, kamar na koyarwa, ki nemi teburin SERVICOM, masu karɓar ƙorafi kan ayyukan gwamnati, ko ofishin shugabar nas-nas. In asibitin kuɗi ne, ma'aikatar lafiya ta jiha ke da alhakinsa. A Kano akwai hukumar PHIMA da aka kafa don wannan. Makarantar da ta turo ɗaliban ma tana da malamin da ke bibiyarsu a wuraren koyon aiki, kuma ya kamata ya san an bar ɗalibansa ba mai kula. CHPRBN da NMCN na manyan laifuka ne, inda sakacin mai lasisi ya jawo illa ta gaske. Hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya kuma tana da ofis a kowace jiha, kyauta take karɓar ƙorafi.

Daga matakin ƙaramar hukuma zuwa sama, a rubuce ake yi. Shafi ɗaya ya wadatar, da Hausa ma ya yi:

"A ranar kaza ga watan kaza, da misalin ƙarfe kaza, na kai ɗana mai sati goma rigakafi a asibitin kaza. Wata ɗaliba ce ta yi masa Penta a ɗuwawu, babu ma'aikaci a ɗakin. Bayan kwana kaza wurin ya kumbura ya tara mugunya. Na sanar da incaj a ranar kaza, har yau ban ji komai ba. Ina roƙon a duba lafiyar yaron, a binciki yadda ake kula da ɗalibai a ranakun rigakafi, a kuma sanar da ni sakamakon. Na haɗa da hoton kati da na wurin allurar."

Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a ɗaya ki riƙe. Asalin katin yaron kuwa kada ki bar wa kowa.

Mataki na tara: bakinki a unguwa, da allura ta gaba

Za a ce miki ki sa a Facebook ko ki tura a guruf ɗin WhatsApp, wai ya fi sauri. Ban ba ki wannan shawarar ba. Sa hoton ɗaliba da sunanta yana iya jawo miki ƙarar ɓata suna, ya kuma kashe wa 'yar mutane karatu a kan laifin da na masu kula da ita ne. Sannan labarin ba ya tafiya yadda kika faɗe shi. Ke kin ce an bar ɗaliba ba mai kula. Kafin ya kai gida na biyar ya koma "allurar rigakafi ta shanye wa yaro ƙafa". Arewa ta san tsadar irin wannan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabon rashin yarda, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a dawo da shi ba sai a 2004, a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, daga baya har Indonusiya. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 kuma, yawancin yaran da ya kama ba su cika rigakafinsu ba, alhali Penta tana kare shi. Don haka in maƙwabciya ta tambaye ki, ki faɗa mata daidai: "Maganin lafiyarsa lau, mai sa ido ce babu. In kin je ki ce Malama ta tsaya."

Ranar dawowa tana nan a kati, ƙorafinki bai ɗage ta ba. In zuciyarki ba ta kwanta da wancan asibitin ba, ki ɗauki katin ki je wani. Duk asibitin gwamnati da ke yin rigakafi zai ci gaba daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne. In rigimar ta sa kin makara da sati biyu ko wata guda, ba a komawa farko, ɗorawa ake yi. Da kin isa ki gaya wa ma'aikaciyar abin da ya faru a allurar baya, ki nuna mata cinyar da hoton, don ta san wurin da za ta kauce wa da abin da za ta sa wa ido.